Tambaya da Amsa: Hotunana na hanyar Ngaundare duk sun yi dishi-dishi

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara. Ni ɗan Garwa ne, duk wata nakan bi hanyar Ngaundare, kuma idan mota ta fara hawan falez ɗin nan, wato babban hawan dutsen da ke bayan Mbe, wallahi kyan wurin har ratsa ni yake yi, ga duwatsu ga bishiyoyi ga gwaggon biri zaune bakin titi, amma da na dawo gida na buɗe waya sai in ga hotunan duk sun yi dishi-dishi. Wayar ce ba ta da kyau ko sai na sayi kyamara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Bar kuɗinka a aljihu tukuna, wayarka ba ta yi laifin komai ba. Kana cikin bas tana gudu tana tsalle, gilashin taga ya sha ƙura, sannan ka ja zum har ƙarshe, to ko kyamarar miliyan ɗaya sefa aka ba ka haka za ta fito. Zum ɗin yawancin wayoyi yanka hoton kawai yake yi ya kumbura shi, ka rabu da shi.

Abin da ya fi damun hoto a yankinmu lokaci ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na rufe duwatsun, da tsakar rana kuma komai ya kan yi fari fat. Ka bi hanyar da sanyin safiya ko bayan la'asar, rana na bayanka, ko ka jira ƙarshen damina wajen Oktoba lokacin sama ta wanke ciyawa shar. In da hali ku haɗa kuɗi da abokai ku ɗauki ƙaramar mota, ku tsaya inda titi ke da faɗi, a kashe inji saboda girgiza. Kar ku kuskura ku tsaya a kwanar falez, manyan motoci na gangarowa da kaya birki ya yi zafi.

Namun dawa kuwa na gaske sai ka shiga gandun Benuwai, ai gefensa kake wucewa kullum. Tun 1968 ya zama gandun ƙasa, UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kulawa da su a 1981. Da rani dabbobi na taruwa bakin kogi, wajen sansanin Buffle Noir za ka samu dorina da kada da mariya, ɓauna ma in ka taki sa'a. Da ɗan jagora ake shiga, ka ji maganarsa, in ya ce kar a sauka kar ka sauka, dorina ba ta wasa. Ka sa riga mai dogon hannu saboda tsando.

Su kuma birran bakin titi dan Allah kar ka jefa musu ayaba don su matso, haka suke sabawa da mota har a take su. Sannan da ka hango shingen jandarma ko sojoji mayar da waya aljihu, in ba haka ba ranar za ka yi bayani har ka gaji.