Tambaya da Amsa: Sojan Wace Ƙasa Ya Fi Ƙarfi a Yaƙin Duniya na Biyu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A majalisarmu ta wajen Ƙofar Ƙaura wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wani abokinmu ya rantse ba a taɓa yin soja irin na Jamus ba, taron dangi kawai aka yi wa Hitila. Wani ya ce Rasha ce. Ni kuma na tsaya a kan Amurka, tunda ita ta jefa bam ɗin nukiliya. Mun yarda kai za ka raba mu. Daga mai karatu a birnin Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, a gaida mutanen majalisa. Zan raba ku, amma ku fara riƙe abu guda: shekara shida aka yi ana gwabza yaƙin nan, daga 1939 zuwa 1945, kuma wanda ya fi ƙarfi a farkonsa ba shi ne ya fi ƙarfi a ƙarshensa ba.

Abokinku mai goyon bayan Jamus yana da hujja. A watan Mayun 1940 Jamus ta auka wa Faransa, wadda a lokacin ake ganin babu mai rundunar ƙasa kamarta a Yammacin Turai, cikin mako shida ta gama da ita. Kuma ba yawan kayan yaƙi ta fi su ba. In aka haɗa tankokin Faransa da na Ingila sun fi na Jamus yawa, wasunsu ma sun fi kaurin ƙarfe. Wajen aiki da su ne aka sha bamban. Faransawa sun rarraba akasarin tankokinsu ga sojan ƙasa, nan kaɗan can kaɗan. Jamusawa kuwa suka tara nasu wuri guda suka ɓullo ta dajin Ardan, inda ba a zata ba, jiragen sama suna share musu hanya. Kusan kowace tankarsu tana da rediyo, don haka kwamanda na iya juya akalar dakarunsa nan take. Sannan an horar da ƙananan hafsoshinsu, har zuwa kan saje, cewa in an ɗora maka aiki kai za ka nemo dabarar yin sa, kada ka tsaya jiran umarni daga sama. Ta fuskar iya faɗa a fagen daga, ni ma ina ganin daga 1939 zuwa 1941 babu kamar su.

To amma mu leƙa bayan rundunar. Ranar 22 ga Yunin 1941 Hitila ya tura soja sama da miliyan 3 cikin Tarayyar Sobiyet, wato Rasha da ƙasashen da ke haɗe da ita a lokacin. Hotunan da aka fi nunawa na tankoki ne suna keta gonakin alkama. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne dawaki sama da 600,000 da ke biye da su, suna jan igwa da amalanken burodi da harsashi. Mafi yawan sojan Jamus a ƙafa suka shiga Rasha. Layin dogon Rasha ya fi na Jamus faɗi, sai an sake shimfiɗa shi kafin jirginsu ya hau. Da ruwan Oktoba ya sauka hanyoyi suka koma caɓi, sai ka ga doki ya nutse har gwiwa, soja goma sun kewaye mota guda suna turawa, alhali na gaba suna can suna jiran mai. A Disamba suka tsaya cik a bakin Mosko cikin ƙanƙara, da yawansu ba su da ko rigar sanyi, Janar Zukob na Sobiyet ya kora su baya.

Man fetur shi ne ciwon da bai taɓa barin su ba. Jamus ba ta da rijiyoyin mai na a zo a gani. Da na Romaniya ta dogara, da wanda take tatsowa daga kwal. Neman man yankin Kaukasus ne ya ja su kudu a 1942, har aka rutsa da rundunarsu ta shida a birnin Stalingirad. An yi musu alkawarin abinci ta jirgin sama, abin da ya iso bai kai ko kusa da buƙata ba, sai da suka yanka dawakinsu suka cinye. Ranar 2 ga Fabrairun 1943 faɗan ya ƙare, aka kama kimanin 91,000, har da shugabansu Paulus. Sojan Jamus ɗan damben nan ne da ya saba kisa a turmin farko. Da ya gamu da wanda ya sha naushin bai faɗi ba, aka shiga turmi na biyu da na uku, sai numfashi ya gaza.

Abokinku mai Rasha kuwa ya fi kowa kusa da gaskiya in maganar yaƙin ƙasa ake. A 1941 rundunar Sobiyet ta sha kashin da da wata ƙasa ce da ta rushe. Sitalin da kansa ya raunana ta, don a 1937 da 1938 ya kashe ko ya ɗaure dubban hafsoshinta. Miliyoyin soja aka kama cikin watannin farko. Amma suna ja da baya suna kwance masana'antu, sama da 1,500, suna loda su a jirgin ƙasa zuwa tsaunukan Ural da Saiberiya. A can mata da matasa suka ci gaba da ƙera tankar T-34, wani lokaci tun ba a gama rufin ginin ba. Mutum wajen miliyan 34 suka sa kaki a tsawon yaƙin, kuma hafsoshinsu sun koyi aikin a kan gawar 'yan'uwansu. Bayan karon Kursk a 1943 ragamar yaƙin gabas ba ta sake komawa hannun Jamus ba, a bazarar 1944 kuma Rashawa suka tarwatsa rundunar Jamus ta tsakiya a Belarus, su ne kuma suka ci Balin a Mayun 1945. Cikin kowane sojan Jamus huɗu da suka mutu a yaƙin, kimanin uku a fagen gabas suka faɗi. Farashin kuwa ba shi faɗuwa: rai kusan miliyan 27, mafi yawansu farar hula.

Kai kuma ɗan'uwa, ƙasar da ka zaɓa tana da ƙarfi, hujjar da ka kawo ce ba ta isa ba. An jefa bam a Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945, wata uku bayan Jamus ta miƙa wuya. Ga abin da ya kamata ka kai majalisa. A 1939 sojan ƙasan Amurka ba su kai 200,000 ba. Kafin yaƙi ya ƙare mutum miliyan 16 sun yi aikin soja, ƙasar ta ƙera jiragen sama kusan 300,000, da jiragen ruwan dakon kaya samfurin Liberty sama da 2,700. Jamusawa suna alfahari da tankarsu Tiger, kuma gaba da gaba ta fi Sherman ta Amurka. Amma Tiger ta farko kimanin 1,350 kawai aka yi, Sherman kuwa kusan 50,000. Amurka ta yi yaƙi a ƙetaren teku biyu lokaci guda, tana ciyar da nata, tana kuma aika wa ƙawayenta. Rasha kaɗai ta samu motoci sama da 400,000 daga wurinta, ban da naman gwangwani da takalma da ƙarafan layin dogo. A kan waɗannan motocin sojan Sobiyet suka riƙa cin dogon zango a 1944. Ingila ma kada a manta da ita: ita ta tsaya a 1940 bayan faɗuwar Faransa, da jiragen ruwanta, da na'urar hango jiragen sama, da mutanen ƙasashen da ta mallaka, Indiya kaɗai ta ba ta soja miliyan biyu da rabi.

Hukuncina ke nan: Jamus ta fi iya faɗa a farko, Rasha ce ta karya ta a ƙasa, amma in aka haɗa ƙasa da sama da ruwa da abin da ke bayan soja, zuwa 1944 babu mai ƙarfin Amurka.

Batun taron dangi kuwa, Hitila ne ya kira shi da bakinsa. Bai gama da Ingila ba ya afka wa Rasha, sannan ranar 11 ga Disambar 1941 shi ya shelanta yaƙi a kan Amurka. Kuma ina roƙon abokinku ya sassauta wannan yabon, don yana damuna in ji matasanmu suna kambama mutumin nan. Fursunonin yaƙin Sobiyet sama da miliyan 3 suka mutu a hannun sojansa, akasari da yunwa. Gwamnatinsa ta hallaka Yahudawa miliyan 6. A Yunin 1940, a ƙauyen Chasselay kusa da birnin Liyon, sojansa suka ware baƙaƙen sojan Afirka ta Yamma da ke yi wa Faransa yaƙi daga cikin fararen, bayan sun ajiye makami, suka harbe su. Da mu ne a wurin, layin da za a sa mu ke nan.

TAMBAYA: Malam, kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya je yaƙin Bama. A cikin adakar kakarmu akwai wata lambarsa mai siffar tauraro, da ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan goro a gefe. Shin namu sun yi wani abin kirki a can, ko dako kawai suka je? Daga wata malamar makaranta a Daura.

AMSA: Amin Malama, Allah ya jiƙan magabata. Lambar da kika siffanta ita ce Burma Star, wadda Ingila ta ba waɗanda suka yi aiki a fagen Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Ki adana ta da kyau.

Tafiyar tasu tana da alaƙa da ƙofar gidanku. Bayan faɗuwar Faransa, Nijar ta kasance a hannun gwamnatin Bishi, wato gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus, don haka Turawan Ingila suna zaman ɗar-ɗar da iyakar Daura da Katsina, suna buƙatar soja a gida. Duk da haka a 1941 wata birged ta Nijeriya ta yaƙi Italiya a gabashin Afirka, daga Mogadishu har cikin Habasha. Da Faransawan Afirka ta Yamma suka koma ɓangaren ƙawance a ƙarshen 1942, fargabar iyaka ta kau, sai aka kafa runduna ta 81 da ta 82 a 1943 aka tura su yaƙar Japan.

Abokin gabar da suka tarar ba na wasa ba ne. Japan ce ta ci Singafo a Fabrairun 1942 ta kama soja wajen 80,000, kuma sojanta ba ya yarda ya miƙa wuya. Sai dai shugabanninsu suna wasa da cikin soja. A 1944 suka nufi garuruwan Imphal da Kohima na Indiya da guzurin 'yan makonni, da zaton za su ci na abokan gaba. Abin bai yiwu ba, yunwa da cuta suka kashe dubbai a hanyar komawa.

A nan ne dakon da kike tambaya ya zama makami. A kwarin Kaladan da tsaunukan Arakan na yammacin Bama babu hanyar mota. Namu suna sare daji da adda, wasu da bindiga, wasu da akwatin harsashi ko guntun igwa a kan gammo, suna hawa tudu cikin ruwan sama da sauro, jirgi yana sako musu abinci ta hanyar laima. Haka suka riƙa ɓullowa ta inda Japanawa ba su zata ba. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit, wata runduna ta musamman ta Ingila da aka kai bayan layin abokan gaba a 1944, a Janairun 1945 kuma rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung. Shi ya sa har yau akwai barikin Myohaung a Legas da barikin Chindit a Zariya. Hausa ce harshen bariki a lokacin, kuma Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya duba su. Sun yi wannan duka alhali albashinsu bai kai na farin soja ba, hafsoshin kuma kusan duk Turawa ne. Ina yaro na ga ire-irensu a Katsina, tsofaffi masu tafiya a miƙe, wasu suna gadi, ba mu san abin da suka gani ba balle mu tambaye su, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Ki sake duba adakar ko akwai bajen da ake ɗinkawa a kafaɗar riga. In kin ga gizo-gizo baƙi a kan rawaya, runduna ta 81 ce. In kuwa mashi biyu ne a gicciye cikin gammo, ta 82 ce. Takardar sallama ma, in tana nan, za ta nuna lambarsa ta soja da bataliyar da ya yi aiki.