Amsa kan pikof da sautin jita irin na da

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanena, na saurari saƙonka, ina hanyar Hindawiya ne lokacin da ya shigo. Ka ce a wace lamba za ka ajiye suwicin jitarka ta ba ka sautin kiɗa zalla irin na The Shadows, tsohuwar ƙungiyar mawaƙan Birtaniya, sannan can ƙarshe ka saƙala cewa ko ka canza pikof, wato maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiya masu ɗaukar sauti. To ni wannan ta ƙarshen na ji. Ka riga ka ga wasu a intanet, kuɗi na yi maka ƙaiƙayi a aljihu, so kake wani babba ya ce maka saya. Ba ni ba. Squier ɗin nan taka, Stratocaster mai sauƙin kuɗi ta kamfanin Fender, ta isa, riƙe riyalinka.

Suwici dai, tura shi ƙasa gaba ɗaya, lamba ɗaya, pikof ɗin da ke kusa da jaki, wato inda tsirkiyoyi suke zama a jikin jitar. In ya yi maka kaifi da yawa, koma lamba uku, na tsakiya. Biyu da huɗu kuwa, masu haɗa pikof biyu a lokaci ɗaya, ka rabu da su. Na san su ne suka fi yi maka daɗi a ɗaki, kowane yaro can yake zama. Amma Stratocaster ta fito ne a 1954, kuma suwicinta wuri uku kawai yake tsayawa. Sai a 1977 kamfanin Fender ya mai da shi biyar. Lokacin da Hank Marvin, makaɗin jitar Shadows, ya kaɗa kiɗan Apache a 1960, jitar da ke hannunsa mai uku ce. E, akwai masu wayo da ke maƙale suwicin a tsakani da tsinken ashana, wannan gaskiya ne, amma sautin nan mai fita ta hanci kamar na mai mura, kunne ya fi saninsa da ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980. Ba shi kake nema ba.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ne maganar. Ɗauki sukundireba. Danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuyan jitar, ka duba ratar da ke tsakaninta da kan maganaɗisun. Wajen tsirkiya mai kauri ka bar kamar milimita 2.4, wajen siririyar milimita 2. Nan za ka fara, sai ka bi kunnenka, rabin juyi rabin juyi. In pikof ya matso da yawa, maganaɗisu yakan ja tsirkiyar, sauti ya mutu da wuri, kuma in ka hau saman wuya da mai kaurin za ka ji tana wani rawa-rawa, ka yi ta ɗaure ta tana ƙin zama.

Wallahi wannan ne ya haɗa ni da wani mai gyara a nan Jidda, ba zan faɗi shagonsa ba. Na kai masa jitata don ramin da ake soka waya ya yi sako-sako, shi ke nan fa, noti ɗaya. Na dawo na tarar bawan Allah ya ɗaga pikof ukun har suna neman taɓa tsirkiya, wai ya ƙara mini ƙarfi. Wa ya ce maka ƙarfi nake nema? Ba amfilifaya gare ni ba? Bai tsaya nan ba. Ya cire mini tsirkiyoyina masu santsi, waɗanda sai da na yi oda na jira, ya sa mini 'yan sirara masu lamba 9, ya zubar da nawa a shara, wai sun tsufa, ba sa ƙara. Mutumin kirki, rashin ƙarar nan ai ita na saya! Har da kuɗin tsirkiya ya rubuta mini a takarda. Na ce ina nawa, ya nuna mini kwandon, ga ganyen shayi a kansu. Har yau in na bi ta layin nan sai na ji raina ya ɓaci. Kuma ya ce mini shekarunsa nawa a sana'a. Shekaru kuma... kai, bar shi kawai.

Ina nake? Tsirkiya. Mutanen wancan zamanin masu kauri suke kaɗawa, 12, 13, ta ukun ma naɗaɗɗiya ce. Dick Dale, wani makaɗin jita can Kaliforniya, har 16 yake sawa. Ban ce ka je can ba, yatsunka za su tsine mini. Sa 11, ka ji yadda jikin sautin zai cika. Sai dai in ka ƙara kauri, jaki zai ɗago, sai ka buɗe bayan jitar ka ɗan ƙara ɗaure sifirin. Kuma da ɗanshin tekun garin nan, in ka gama kiɗa goge su da ƙyalle, in ba haka ba tsatsa ta riga ka.

Maganar maɓallan Tone kuma, a tsohon haɗin waya na Stratocaster pikof ɗin jaki ba shi da nasa, na sama na wuya ne, na ƙasa na tsakiya. Na yanzu wasu an haɗa, wasu ba a haɗa ba. Gwada: kana lamba ɗaya, murɗa na ƙasan. In sauti ya canza, ajiye shi wajen 7. In bai canza ba, rage kaifin daga amfilifaya, sannan ka matsar da rishar, 'yar robar da kake kaɗawa da ita, daga jikin jaki zuwa wajen wuya, kana riƙe da sandar tiremolo, wadda ke maƙale a jikin jaki, a tafin hannu, kana ɗan girgiza ta a ƙarshen kowane jan sauti. A hankali fa.

Za ka ji gurnani a ɗaya da uku, na san za ka dawo ka ce na ɓata maka jita. Halin irin wannan pikof ne, yana ɗaukar kukan wutar lantarki, nan Saudiyya mai 60 ce. Biyu da huɗu suna shiru ne don na tsakiyan an naɗe shi a juye a yawancin na zamani. Matsa daga fitilar nan doguwa da na'urar sanyaya ɗaki, ka juya jikinka har ka sami inda ya lafa.

Amfilifaya kuwa a bar shi garau, kashe duk wani abin da ke sa sauti ya dushe ya yi ƙazanta. Su Shadows amfilifayar Vox suke amfani da shi da injin eko mai kawunan maimaita sauti da yawa, irin Meazzi na Italiya. 'Yan Kaliforniya su kuma akwatin amsa-kuwwa mai sifirin na Fender ne, wanda ya fito a 1961. Hanya biyu ce daban, kar ka cakuɗa su ka cika duka biyun. Tunda Shadows ka ce, eko ne naka, maimaici biyu zuwa uku, kar ya kai ƙarfin asalin sautin.

Ka yi waɗannan, ka ɗauko mana minti ɗaya ka turo nan, ka ajiye wayar nesa kaɗan da lasifika. Ka haɗo da hoton pikof ɗin ta gefe, in ga ratar da idona.