Duro ɗaya ba ya ɗaukar ruwan Agusta

Wani manomi daga Daura ya aiko da tambaya: "Malam, ɗakuna biyu gare ni na kwano, na ajiye duro a ƙarƙashin indararo. Da an yi ruwa sai ya cika ya tumbatsa, bayan kwana uku kuma mu koma sayen jarka wajen 'yan garuwa. Yaya zan tara fiye da haka?"

Malam, mu fara da lissafi. Ruwan sama na milimita 1 a kan rufi mai murabba'in mita 1 lita ɗaya ne cif. Ɗaki mai mita 4 da mita 5, idan aka yi masa ruwan dare ɗaya na milimita 30, ya zubo da lita 600 ke nan, cikin duro uku masu lita 200 kowanne. Kai kuwa ɗakuna biyu gare ka, duro ɗaya. A nan yankinmu ruwan shekara yakan kai kusan milimita 600, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Wato ruwan na zuwa, mazubi ne babu.

Ka ƙara duro biyu ko uku, ka jera su kan bulo, tsayinsu ɗaya. Ka huda kowanne kusa da gindi, ka haɗa su da tiyo. Ruwa na shiga na farko, sauran za su riƙa cika tare da shi, ba sai wani ya fita cikin tsawa yana ja ba. Ka sa famfo a na ƙarshe. Bulon ya zauna daram, domin duro cike kilo 200 ne.

Sannan ka dubi bakin kwanon. Gidaje da yawa da na shiga, ruwan rabin rufin a ƙasa yake zuba. Bututun roba da aka tsaga biyu ya isa ya bi bakin rufin duka, a ɗan karkata shi wajen duro. Hattara da duron da aka taɓa zuba maganin feshi ko man fetur a ciki, kome arharsa.

Wata uwargida daga cikin birnin Katsina kuma ta ce nata ruwan kore yake yi, ga 'ya'yan sauro.

Hajiya, hasken rana ne ke kawo gansakuka. Ki sa mazubin a inuwa, ko ki nemi baƙin tanki. Bakinsa kuma ki ɗaure da tsohon gidan sauro, ki ɗora murfi mai nauyi, saboda sauro da kuma yara ƙanana. Ruwan farko na damina ki bar shi ya wuce, shi ke wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru. Ko a tsakiyar damina, bokitin farko na shuka ne. Na sha kuwa, a tafasa.

Akwai mai tambaya ko ruwan rufin soro zai yi. Zai yi wa zogale da renon tattasai, amma da laka yake zuwa. Kada a haɗa maganin ciyawa da shi sai ya kwanta sarai, domin laka na rage wa irin su gilaifoset ƙarfi. Don feshi, na kwano ya fi.