Kwalbar ƙara 'ya'yan shinkafa ko buhun yuriya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman shinkafar rani a ƙasan madatsar Dadin Kowa, FARO 44 nake dasawa. Wani mai shagon maganin gona a Gombe ya nuna mini 'yar kwalba, ya ce akwai sinadarin saitokainin a ciki, in na fesa gindi zai yi 'ya'ya jingim, zangarniya ta cika. Kuɗin hannuna ba za su isa kwalbar da yuriyar zubi na biyu ba. Wanne zan ɗauka?
Manomi, Yamaltu Deba

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sayi yuriyarka.

Ba wai mai shagon ya ƙirƙiro sunan ba ne. Sinadarin na nan. A 1955 Carlos Miller da Folke Skoog suka fara ware irinsa a wata jami'ar Amurka, daga baya aka same shi a cikin ɗanyar masara, akwai shi ma a ruwan kwakwa. Shi ke sa ƙwayoyin halittar shuka su rarrabu su yawaita, shi ke tada idon tsiron da ke kwance a gindin ganye ya zama ɗa, yana kuma jinkirta tsufan ganye.

Abin da bai gaya maka ba shi ne shinkafarka tana haɗa nata, akasari a saiwa. Da zarar saiwa ta ji taki mai naitirojin irin su yuriya, sai ta ƙara yawan sinadarin ta aika sama tare da ruwa, kamar ɗan aike mai cewa abinci ya sauka, a ƙara iyali. In ya isa, akwai mai karɓarsa a cikin ƙwayar halitta, a miƙa saƙon hannu da hannu har tsakiyarta, a can ne ake kunna ƙwayoyin gadon da ke kula da girma. Wato yuriyar da za ka zuba ita ma saitokainin za ta jawo maka, ga kuma abincin ciyar da 'ya'yan da aka haifa. Kwalba kuwa shelar biki ce ba tukunya a murhu.

Batun cikar zangarniya ya fi ba ni sha'awa. A 2005 Motoyuki Ashikari da abokan aikinsa a Japan suka gwama irin shinkafa biyu, Koshihikari da Habataki, don gano dalilin da na biyun ya fi ƙwaya. Sai suka tarar da wata ƙwayar gado da aka sa wa suna Gn1a, wadda aikinta rusa saitokainin ne. A Habataki ba ta da ƙarfi sosai, don haka sinadarin yake taruwa a daidai kan tsiron da zai zama zangarniya, rassa su yawaita, ƙwaya ta ƙaru. Ka ga abin a jinin iri yake, kuma a wani ɗan wuri ƙanƙane.

In kana son ganin wurin da idonka, wajen wata guda kafin shinkafar ta yi fure ka ciro uwar kara ɗaya, ka tsaga ta a tsaye da reza. Saman gaɓar ƙarshe za ka ga wani ɗan farin abu mai gashi-gashi, kamar bakin auduga, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Zangarniyarka ke nan, lulluɓe cikin ganye kan ganye. Lokacin nan ake yanke yawan ƙwayar da za ka girba, kuma shi ne lokacin zubi na biyu. Rage ruwan fangali, ka watsa yuriyar, ka maido da ruwa bayan kwana ɗaya ko biyu. Feshi kuwa a kan ganye yake sauka, yawancinsa nan yake tsayawa. Ganye ya yi kore shar, mai gona ya ji daɗi, maƙwabta su yaba, amma ba ganye ake aunawa a buhu ba. In sinadarin ya yi yawa ma yana takure saiwa, 'ya'yan da suka fito a makare kuma ba sa nuna tare da uwarsu.

Ban hana ka gwaji ba in Allah ya hore wata shekarar. Duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa, da sunan sinadarin da adadinsa a jikin kwalbar. Wadda aka rubuta mata kirari kawai, ajiye ta. Fesa wa fangali ɗaya, ka bar na kusa da shi, taki da ruwa iri ɗaya, ka sussuke kowanne daban ka auna da mudu.

Tambaya: Maƙwabcina a fadamar Jama'are shinkafarsa ta yi zangarniya manya-manya. In sayi iri a wurinsa?
Wata manomiya, Bauchi

Amsa: Hajiya, kina iya saye, don shinkafa kanta take yi wa barbara, ɗa yakan biyo uwa. Sai dai ki je gonar kafin girbi. In kin ga wasu sun yi tsayi wasu gajeru, wasu sun nuna wasu na kore, irin ya gauraye, bar shi. Ki kuma tambaye shi takin da ya zuba, kada ki sayi aikin taki da sunan iri. Tunda fadama ce mai ambaliya, nemi FARO 66 ko FARO 67, masu jure nutsewa a ruwa, a buhun da ke ɗauke da tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa.