Dogon sanwici ba nama: me za a zuba a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son irin dogon sanwicin nan da ake sayarwa a naɗe cikin takarda, amma na daina cin nama, kuma aljihun ba nauyi. Na gwada da latas da tumatir da kokwamba kawai, bayan awa ɗaya yunwa ta dawo. Me zan zuba da zai riƙe ciki? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Latas da kokwamba 'yan rakiya ne, kusan duk ruwa ne. Dogon burodi mai santimita 30 yana buƙatar abu mai nauyi wajen giram 200 zuwa 250 kafin a zo maganar ganye, kuma babu abin da ya kai wake araha a wannan aikin. Kofi ɗaya na busasshen wake, wato kimanin giram 200, idan ya dahu yakan kusan kai rabin kilo. Sanwici biyu ke nan.

Ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan, ki dafa a sabon ruwa har sai kin matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu biyu ta murƙushe ba gardama. Idan jan waken nan ne mai siffar ƙoda, sai ya yi tafasa mai ƙarfi na aƙalla minti 10 kafin ki rage wuta, domin yana ɗauke da wani sinadari mai sa amai da gudawa idan bai sha wuta sosai ba. Bayan kin tsane, ki baza shi a faranti na minti 10 tururin ya fice. Mutane da yawa a nan suke yin gaggawa, sai haɗin ya fito da ruwa-ruwa.

Sai ki ɗauki cokali mai yatsu ki murƙushe kashi biyu cikin uku, ki bar sauran a ƙwayarsu. Kada ki kai shi injin markaɗe. Waken da aka markaɗa lukui ba ya zama a burodi: kina gatsa ɗaya zai tsarto ta gefe, kuma haƙori bai sami abin taunawa ba. Tun da ɗuminsa ki zuba mai babban cokali uku, ruwan lemon tsami cokali biyu, tafarnuwa ƙwaya biyu a daka, gishiri ƙaramin cokali, barkono, da rabin albasa da aka yanka ƙanana. Ki ɗanɗana. Ya kamata ki ji gishiri da tsamin sun ɗan wuce yadda kike so, saboda burodi zai shanye ƙarfinsu, kuma abinci mai sanyi ba ya nuna gishirinsa kamar mai zafi. Yawancin masu cewa sanwicin wake lami ne, mai da tsami suka yi wa rowa.

Idan kina son abin da haƙori zai kama kamar tsoka, to ga awara. Ki naɗe ta a tsumma mai tsabta, ki ɗora tukunya mai nauyi a kai na minti 20, ki yanka fale-fale da kaurin santimita ɗaya, ki barbaɗa gishiri da ɗan kwanfulawa, ki jera a kasko mai zafi. Ki ƙyale ta minti uku zuwa huɗu ba juyi. Wadda aka dame ta da wuri manne wa kasko take yi ta farfashe.

Tambaya: Da safe nake haɗa nawa in tafi da shi wurin aiki. Kafin azahar burodin ya jiƙe ya yi laƙwas. Ina matsalar take? Daga wani ma'aikaci.

Amsa: Malam, tumatir ne babban mai laifi, sai yadda kake jera kayan. Ka yanka tumatirin, ka cire 'ya'yan da ruwan cikin, ka barbaɗa gishiri kaɗan, ka shimfiɗa a kan takardar goge hannu na minti 10. Za ka ga ruwan da takardar ta sha, kuma da a burodinka zai ƙare. Latas ma bayan wanki sai ya bushe ƙarau.

Wajen yanka burodin, kada ka raba shi biyu. Ka bar bayansa a haɗe kamar littafi, ka ɗan ƙwaƙule tsokar ɓangaren sama domin kayan su sami wurin zama. Ka gasa cikin a kasko minti ɗaya ko biyu, ka bari ya huce, sannan ka shafa abu mai maiƙo a fuska biyun har bakin gefe. Mai ba ya shiri da ruwa, shi ne katangar. Daga nan ganye a ƙasa, wake ko awara a kai, tumatir da kokwamba a tsakiya inda ba sa taɓa burodi ko kaɗan. Kuma kada ka naɗe komai da zafinsa, tururin zai koma ruwa a cikin naɗin. Takarda ta fi leda a nan, domin leda gumi take sa burodi. Ka naɗe tam, ka yanka da takardar a jiki.

Don nisan zango, yankakken kabeji ya fi latas juriya nesa ba kusa ba, ga shi ya fi araha.

Tambaya: Akwai hanyar yin mayonis ba ƙwai? Na gwada sau biyu bai yi kauri ba. Daga wata ɗaliba.

Amsa: Akwai, 'yar'uwa. Madarar waken soya marar sukari mililita 100, mai marar ƙamshi mililita 200, ruwan lemon tsami ko khal babban cokali ɗaya, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki fara kaɗa madarar da tsamin a injin markaɗe, sannan ki riƙa tsiyaya man siriri kamar zare injin yana aiki. Abin da ke cikin waken soya ne yake riƙe man da ruwan a haɗe, amma yana buƙatar man ya zo a hankali. Idan kin juye gaba ɗaya, tsinkewa zai yi. Madarar kuma kada ta fito daga firij kai tsaye. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, idan bai yi kauri ba, mai ake ƙarawa. Wanda ya riga ya tsinke kada ki zubar: ki sa sabuwar madara cokali biyu a injin, ki riƙa zuba tsinkakken a kai kaɗan-kaɗan, zai haɗe.

Tambaya: Naman kaza (wato mashrum, tsiron nan mai kama da laima) da gauta fa? Kuma kwana nawa haɗin wake zai yi a ajiye? Daga wani mai karatu.

Amsa: Naman kaza akwai daɗi, sai dai kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, kasko cike yakan koma rabi, don haka a sa shi don ɗanɗano kawai idan ana lissafin kuɗi. Babbar gauta kuwa shan mai take yi kamar soso, gara a shafa mata mai a gasa da a tsoma ta a ciki. Haɗin wake yana kai kwana uku zuwa huɗu a firij cikin mazubi mai murfi. Sanwicin da aka riga aka haɗa kada ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. Wanda zai riƙe nasa daga safe zuwa rana ba firij, ya sa shi a jaka tare da gorar ruwa mai ƙanƙara.