Amsa ga ɗan yayata a Gombe, kan albashin da aka ce Finland na rabawa

Ɗana, saƙonka ya iso, har da bidiyon da ka haɗo. A nan zan amsa maka kowa ya gani, don ba kai kaɗai ke turo min wannan tambaya ba, kuma na gaji da nanatawa. Ka ce ka gama digirin ilimin zamantakewa a Jami'ar Jihar Gombe, kana son zuwa Finland karatun digiri na biyu kan tsarin walwalar jama'a. Ka kuma ji wai gwamnatin nan na biyan kowa albashi duk wata, ko yana aiki ko yana kwance, don haka kuɗin jirgi da na makaranta kawai kake nema. Har ka fara zancen sayar da gonar mahaifiyarka ta Kumo.

Kada ka kuskura ka taɓa gonar nan.

Albashin da kake magana babu shi. Gwaji aka yi a 2017 da 2018. Kela, hukumar tallafin jama'a ta Finland, ta zaɓi marasa aiki 2,000 ta hanyar ƙuri'a, ana ba kowannensu yuro 560 a wata ba tare da sharaɗi ba. Da shekara biyu ta cika aka rufe. Rahoton ƙarshe ya fito a 2020: waɗanda suka karɓa sun fi samun kwanciyar hankali, sun fi yarda da hukuma, amma ta fuskar aiki ratar da ke tsakaninsu da sauran ba ta wuce kusan kwana shida a shekara ba. Ko wannan ma malamai na ja-in-ja a kai, domin a 2018 gwamnati ta tsaurara dokar marasa aiki ana tsakiyar gwajin, lissafi ya cakuɗe. A Suwizalan kuwa an kaɗa ƙuri'a kan batun a 2016, kusan kashi 77 cikin ɗari suka ce ba sa so.

Tallafin da ke akwai kuma ba a yi shi don ɗalibin da ya zo daga Najeriya ba. Tun 2017 ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba yake biyan kuɗin makaranta. Kafin a ba ka takardar zama sai ka nuna kana da yuro 800 na kowane wata a asusunka, ka sayi inshorar lafiya da kanka. Kuɗin tallafin ɗalibai na Kela ba za ka gan su ba. Gwamnatin Firaminista Orpo da ta hau a 2023 ma zaftare tallafin 'yan ƙasar take yi, balle baƙo. Ni da kuke cewa ina tsintar kuɗi a titi, da rabon jarida na fara, cikin dare, a dusar ƙanƙara, yatsuna sun sandare. Daga nan in wuce sharar ofisoshi, sannan in shiga aji ina gyangyaɗi. Ba wanda ya taɓa kirana daga gida ya ce Kawu ya sanyi? Kullum sai Kawu ya batun nan? Yau alhamdulillahi da bincike nake ci, gumina ne, kuma kafin albashina ya shigo hannuna an cire haraji mai zafi.

Harajin nan shi ne abin da masu bidiyo ba sa faɗa. Wanda ake ɗorawa kan yawancin kaya a nan kashi 25.5 ne, namu na Najeriya 7.5. Abin da gwamnatin Finland ke tarawa ya haura kashi 40 na duk arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, namu da ƙyar yake kai goma. Mutanensu kuma miliyan biyar da rabi ne, kowa da lambarsa, hukuma ta san inda yake kwana da abin da yake samu. To ɗauki biro. Mutum miliyan 200, kowa naira 10,000 a wata, ya kama tiriliyan 24 a shekara. Kasafin da Tinubu ya sa wa hannu a farkon 2024 gaba ɗayansa tiriliyan 28.7 ne. Dubu goman nan kuwa mudu nawa na shinkafa za ta saya a kasuwar Gombe?

Ban ce fagen ba shi da amfani ba, ai a cikinsa nake. Philippe Van Parijs, masanin falsafa ɗan Beljiyam, na ganin kuɗi marar sharaɗi shi ke ba talaka ikon ƙin aikin wulaƙanci. Milton Friedman, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, daga can ɗaya ɓangaren na masu son a sakar wa kasuwa mara, ya kawo makamancinsa tun 1962 don a rage hukumomi. Wannan haɗuwa ce ke tsorata ƙungiyoyin ƙwadago: kada a miƙa wa mutum 'yan kuɗi a janye masa asibiti da makaranta. Ni ina tare da masu tsoron. Matar da ke naƙuda a ƙauyen Dukku, alat ɗin waya ba zai zame mata ungozoma ba.

Abin da ya fi ƙona min rai a aji shi ne, duk rabe-raben tsarin walwalar jama'a da ake koyarwa, tun daga na masani Esping-Andersen na 1990, a kan ƙasashe masu arziki aka gina su. Sai an zo kan gwajin rabon kuɗi na ƙungiyar GiveDirectly a Kenya ko na ƙauyen Otjivero a Namibiya, kowa ya juyo yana kallona, kamar ni ne sarkin talakawan Afirka. Ranar da na kawo zakka da adashe da gayya da nauyin dangi, wani malami ya ce wannan al'ada ce, ba tsari ba. Alhali yawancin mutanenmu da su suke rayuwa, kai ma shaida ne, tun da wannan nauyin ne ya ba ka damar rubuto min.

In da gaske karatun kake so, kayan bincikenka na nan kusa da kai. An raba wa gidajen talakawa naira 5,000 a wata zamanin Buhari, wani ɓangare daga dala miliyan 322 na Abacha da Suwizalan ta maido. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 an yi alƙawarin naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, a shekarar kuma gwamnoni suka ce ba su yarda da rijistar talakawan ba. Wa ya shiga rijistar a Pantami ko Bajoga, wa aka bari, wa ya rubuta sunayen, tsohuwar da ba ta da NIN ya aka yi da ita? Ka je ka zauna da mutane ka rubuta shafi uku masu ma'ana a kan haka. Da irinsa ake neman gurbi mai tallafin karatu. In ba ka samu tallafin ba, ka haƙura a bana.

Ejan ɗin da ka ambata kada ka ba shi ko sisi, neman gurbi ta shafin Studyinfo ake yi, kai da kanka. Ka turo min takardar sakamakonka da shafi ukun kafin Disamba, don yawanci a Janairu ake buɗewa. Ka gaida min Yaya, ka ce mata zan kira ta ranar Juma'a a kan maganar gonar.