Amsa: Su wa suka zauna a majalisar dokokin Amurka ta farko?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko majalisar farko ta Amurka ta yi wani aikin kirki, kuma su wa ke cikinta. Ta yi aiki ƙwarai kuwa.

An tsayar da 4 ga Maris 1789 don buɗe ta a birnin New York, amma saboda nisan hanya da tafiyar doki, sai a farkon Afrilu aka sami adadin da ya isa a zauna. Jihohi 11 ne kawai a lokacin. North Carolina da Rhode Island sun shigo daga baya, sannan aka cika sanatoci 26 da wakilai 65. Frederick Muhlenberg ne kakakin majalisar wakilai, John Adams, mataimakin shugaban ƙasa, yana shugabantar dattawa. A lokacin majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatoci, kuma a asirce sanatocin suke zamansu. Dukkan 'yan majalisun biyu maza ne farar fata, da yawansu masu bayi.

A shekara biyu sun kafa Kotun Ƙoli mai alƙalai 6, da ma'aikatun kuɗi, yaƙi da harkokin waje, suka sa harajin kayan shigowa. A ganina aikin James Madison, ɗan majalisar wakilai, ya fi nauyi: shi ya matsa har aka aika wa jihohi gyare-gyare 12 ga kundin tsarin mulki, 10 suka tabbata a 1791, ciki har da 'yancin addini da faɗin albarkacin baki. Su ne kuma a 1790 suka yanke a gina babban birni a bakin kogin Potomac, suka koma Philadelphia kafin a gama ginin.